Kawu Bitrus da Huɗar Ziri

Ku da kuka san Kawu Bitrus, kun san ba ya shiga gidan mutum kai tsaye. Sai ya tsaya a ƙofar gida tukuna, ya tsuguna a kan ciyawar mai gida, ya zaro wani guntun ƙarfe daga aljihu ya tona. Ya ɗebo ƙasa a tafin hannu, ya ɗan tofa mata yawu, ya murza. In ta murzu ta yi tsawo kamar taliya, sai ya ce, "Laka. Kaka." In ta wargaje ta zube ta tsakanin yatsunsa, sai ya ce, "Jigawa. Bazara." Sannan ya miƙe, ya goge hannun a wando, ya miƙo maka shi ku gaisa. Kai kuwa mai gida kana tsaye riƙe da ƙofa, sanyi na cika maka falo, amma dole ka jira a yanke wa ƙofar gidanka hukunci.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Rifkatu, 'yar ƙanwarsa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, shi ya kawo ni ƙasar nan, a gidansa na Greenbelt na yi karatun nas. Don haka duk kunyar da wannan hali nasa ya jawo, ni na fi kowa kwasarta.

Wata rana baƙi suka zo mana daga Jos, muka kai su cikin birni su ga manyan gine-ginen gwamnati. Kowa na ɗaukar hoto, na waiga ban ga Kawu ba. Can na hango shi tsugune a tsakiyar filin ciyawar nan da ake ji da shi, ya kafa ƙarfensa. Kafin in isa, wani ɗan sanda ya riga ni. Dogo, hannu a ƙugu. Ya tambaye shi da Turanci me yake binnewa. Kawu na jin Turanci sarai, na littafi ma ya fi ni, amma sai ya ɗago ya dube ni ya ce da Hausa, "Rifkatu, gaya masa ba binnewa nake yi ba, dubawa nake yi."

Na gaya masa.

"To me ya gano?" in ji ɗan sandan.

"Gaya masa an tattake ta da yawa, ba ta numfashi. In masara za su sa, su tsaga ta tun kaka."

Na ce, "Haba Kawu! Wa zai shuka masara a nan?"

Ya ce, "Ai shi ya sa ban ga amfanin filin ba."

Ɗan sandan ya danne dariya, ya ce a mayar da ƙasar inda aka ɗebo ta. Kawu ya mayar, ya daddanna da tafin hannu, ya lulluɓe da ciyawa. A mota ya ce mana tunda ya zo Amurka bai ga ma'aikacin gwamnati mai hankalin yaron nan ba.

Abin da tushensa. A gida Kawu malamin gona ne. A Zariya ya yi karatu, ya yi shekaru yana yawo a kan babur cikin ƙauyukan Mangu yana koya wa mutane tazarar shuka da sa taki. Da ya zo nan, aikin da ya samu shi ne tsaron wurin ajiye motoci a ƙarƙashin wani bene, siminti a sama, siminti a ƙasa. Ya ce duk shekarun nan ko tanar ƙasa ɗaya bai gani ba. A wurin ya haɗu da Alhaji Mumuni, ga shi nan zaune a gaba yana sunkuyar da kai, mutumin Kumasi, mazaunin Springfield. Tun ranar da suka haɗu suke gardama, kuma har suka bar aikin ɗayansu bai taɓa cin abincin rana shi kaɗai ba.

Da suka ajiye aiki, suka samu wani tsohon Ba'amurke, Mista Harol, can kudu da birni inda gidaje suka ƙare, ya ba su hayar gefen gonarsa. Filin hali biyu gare shi. Daga ƙasa shimfiɗaɗɗe ne, laka mai nauyi mai riƙe ruwa. Daga sama gangare ne, jigawa, yashi-yashi. Kawu ya ɗauki lakar don masara da gauta. Alhaji ya ɗauki jigawar don gyaɗa da kuɓewa da attaruhun da Hajiyarsa ke haɗa yajin nan nasu na Gana mai sa mutum hawaye.

A gonakin maƙwabta Kawu ya fara ganin wata irin huɗa da ta shiga ransa, shi ya raɗa mata suna huɗar ziri. Ba a kifar da gona gaba ɗaya. Layin da iri zai kwanta kawai ake tsagawa, ɗan siriri, faɗinsa bai fi taƙi ɗaya ba. Tsakanin layi da layi a bar shi da karansa da ganyensa na bara ya rufe ƙasa. In ka tsaya daga nesa sai ka ga kamar an yi wa gonar tsagar kitso.

Ranar da Alhaji ya fara gani, ya riƙe baki. "Ei, Malam Bitrus! Wannan ai gonan rago ne. A gida in mutum ya bar kara haka, har yara sai sun yi masa waƙa."

Kawu ya ce, "Kai in sanyi ya zo riga uku kake jibgawa, ita ƙasa ka ce ta kwana tsirara? Kuma gonar rago ce ake cewa, ba gonan rago ne ba."

Mu 'yan Filato dai, ku ma kun sani, ba mu da bakin gyara wa kowa Hausa. Amma Kawu ya sha ruwan Zariya, ba ya bari ta wuce.

Manyan manoma da tarakta suke yin irin wannan huɗa. Kawu kuwa, wane shi! Mutumin da ke wanke ledar burodi ya shanya? Wani tsohon injin huɗa na turawa da hannu ya tsinta an yar a bakin titi. Ya sa Alhaji ya ɗauko a bayan motarsa. Ya kwance wuƙaƙen gefe ya bar na tsakiya, ya samo guntun sifirin babbar mota ya sa aka yi masa walda ya zama haƙori. Ya sa wa injin suna Gwaggo, wai don ba ta tashi sai an lallashe ta, in ta tashi kuma sai tari da mita. Na sha ganinsa durƙushe a gabanta yana cewa, "Haba Gwaggo, yau kaɗai. Gobe ki huta."

Yaranmu na nan suna kiran lokutan shekara da Turanci, wai fol da sifirin. Kawu bai taɓa yarda ba. Lokacin da ganye ke zuba bayan girbi, kaka ce. Lokacin da ƙanƙara ta narke itatuwa suka fara toho, bazara ce, ko da ba ta yi kama da ta gida ba. Kuma duk karatunsa a kan lokutan nan biyu ya tsaya. In kun taɓa zama kusa da shi a wurin biki, kun ji shi, ko kuna so ko ba kwa so.

Laka, in ji shi, da kaka ake tsaga ta, bayan an cire amfani, in ta sha iska. Za ta tashi da manyan dunƙulaye, kar ka damu. Hunturu zai zo, ƙanƙara ta kama ta saki, ta kama ta saki, kafin bazara dunƙulen ya zama gari. Zirin ya riga sauran gonar bushewa, ya riga ta ɗaukar ɗumi, ita kuwa masara ba abin da take so kamar ɗumi a ƙafarta. "Sanyin nan da ke cinye mana ƙashi a banza," in ji shi, "ai gara shi ma ya yi aiki." Jigawa kuwa ba a taɓa ta da kaka, balle mai gangare. A bar ta a rufe. In ka buɗe ta, ruwan hunturu zai wanke ta har da takin da ka zuba. Sai dab da shuka za ka tsaga, sama-sama, don kar danshinta ya gudu. Wake shi ba ruwansa, ɗan talakawa ne, ko ba ka tsaga masa ba zai fito. Kuɓewa kuma 'yar gata ce, sai rana ta yi zafi sosai take yarda ta leƙo.

To, shekarar da azumi zai faɗo daidai lokacin huɗar bazara, Alhaji ya yi tunaninsa tun kaka. Ya ce shi ba zai iya tura Gwaggo da bakin azumi ba, ga tsufa ga ciwon gwiwa. Zai tsaga jigawarsa yanzu ya huta.

"Ba da Gwaggona ba," in ji Kawu.

"Gwaggon namu ne mu biyu. A motata ya zo."

"Ni na yi mata haƙori."

"Gonan kuma nawa ne."

"Taka ce, amma ba ta yi maka laifin komai ba."

Kawu ya kwance fulogin injin ya jefa a aljihu. Da shi yake kwana, da shi yake zuwa kasuwa. Ran Lahadi a coci ya sa hannu zai ciro baiko, saura kaɗan ya jefa fulogi a faranti. Alhaji ya ƙyale shi. Ashe ya je wurin Mista Harol ya aro wani. Ya bari sai safiyar wata Lahadi, da ya tabbata Kawu na can yana rera waƙa, ya je ya tayar da Gwaggo ya tsaga layuka kaɗan. Gwiwa ta hana shi ƙarasawa. Kuma don sauƙin turawa, daga sama zuwa ƙasa ya ja su, bin gangaren.

Da Kawu ya gani, bai yi faɗa ba. Shiru ya yi, wanda ya fi faɗan muni. Hunturun nan gaba ɗaya ba sa magana, ni ce 'yar aike. In na dawo daga aiki a gajiye sai in ji, "Gaya wa mutumin Springfield an ce za a yi ruwa." In na kira Alhaji sai ya ce, "'Yata, gaya masa ni ma ina da talabijin." Hajiya kuwa ba ta fasa aiko da shinkafa da wake ba. Kawu ya zauna ya cinye tas, ya suɗe cokali, ya ce a gaya mata an gode, a gaya wa mijinta ba a huce ba.

Aka yi ruwa a hunturun nan kamar da bakin ƙwarya, dusar ƙanƙara ta sauka ta narke a kai. Da hanya ta yi kyau na kai Kawu gonar. Wayyo! Layukan Alhaji sun zama lambatu. Ruwa ya bi su ya rarake, ya kwaso yashin ya zo ya jibge a bakin lakar Kawu. Inda ba a taɓa ba kuwa yana nan lafiya lau a ƙarƙashin karansa. Kawu ya daɗe a tsaye, hannu a baya. Na ɗauka zai yi murna. Sai na ga ransa ya ɓaci da gaske, kamar wanda ya ga an doki yaro. Can ya ce in ba shi waya. Ya kira Alhaji da kansa.

"Alhaji, ina kwana. Ka zo ka kwashe gonarka, ta sauko tawa ba sallama."

Daga nan aka shirya. Da azumin ya zo, ƙasa ta yi daidai, Kawu ya ce wa Alhaji ya samu gindin itace ya zauna. Shi ya cike ramukan, shi ya tura Gwaggo ya tsaga jigawar nan duka, a gicciye, ba bin gangare ba. Gumi na zuba, leɓe ya bushe, amma ya ƙi taɓa gorar ruwa.

Alhaji ya ce, "Malam Bitrus, sha ruwanka mana. Ni ke azumi, ba kai ba."

"Wa ya ce maka ƙishirwa nake ji?"

Ba a jima ba ya ce zai duba tayar mota. Na bi shi, na same shi tsugune a bayan mota ya kafa kai a gora, maƙogwaro na ƙugi. Ya zare mini ido ya ce, "In kika faɗa, ba ni ba ke." To Kawu, yau na faɗa, ka yi haƙuri. Da aka gama, Alhaji ya kama hannunsa zai yi godiya, ya fizge. "Ba don kai na yi ba. Ƙasar nake tausayi."

Kar Alhaji ya ce na yi son kai, bari in ba da tasa ranar. Wata kaka yayan Kawu ya rasu a gida, ya tafi jana'iza da niyyar ya juyo da wuri. Kun san gida, wannan ya riƙe ka, wancan ya riƙe ka. Kafin ya dawo ƙasa ta daskare kamar dutse, lakar ba a tsaga ba. Bazarar kuma ta zo da ruwa ba ƙaƙƙautawa. Mutumin da kullum yake mana wa'azi kar a taɓa laka tana jiƙe, sai ga shi yana leƙa gonar maƙwabta, ya ga masararsu ta fara huda ƙasa. Haƙuri ya ƙare. Ya jawo Gwaggo.

Alhaji ya ce, "Malam, ka duba ƙasan kuwa?"

"Na duba."

"Me ya ce?"

"Ta ce in gwada."

Ya gwada. Gwaggo ta riƙa ɓanɓaro laka fale-fale, tana sheƙi kamar sabulun wanki. Rana ta fito ta gasa su, suka zama tubali. Iri ya faɗa cikin tsaguwa, wani ya ruɓe, wani tsuntsaye suka tsince. Masarar da ta fito kamar haƙoran tsoho, ɗaya nan, ɗaya can. Mista Harol ya zo wucewa, ya tsaya ya duba, ya tambaya cikin ladabi ko gini za su yi, don in gini ne sai an nemi izini.

Alhaji bai yi dariya a gonar ba, ya adana ta. Ya zaɓi dunƙulen da ya fi kowanne girma ya ɓoye. Ran Kirsimeti sai ga shi a gidanmu da babbar riga, ɗauke da kyauta an naɗe ta da takarda mai ƙyalli har da ɗaurin kintinkiri. Falo cike da mutane. Kawu ya buɗe a hankali don kar takardar ta yage, zai sake amfani da ita. Sai ga tubalinsa. Aka fashe da dariya, har wata ta ƙware da zoɓo. Shi kuwa ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya ɗaga sama ya ce, "Kun gani ko? Ni ko kuskure zan yi, mai ƙwari nake yi." Da shi ya riƙa tokare ƙofar kicin.

Tun daga shekarar ya ɗau alwashi kaka ba za ta sake kuɓuce masa ba. A kaina kuwa alwashin ya faɗo.

Lokacin da Ishaya, maigidana, ya zo neman aurena, ɗan Kafanchan ne amma a Kaduna ya tashi, aikin kwamfuta yake yi, bai taɓa riƙe fartanya ba. Na san abin da ke jiransa, don haka na yi masa bita a mota. Na ce, "Duk abin da ya tambaye ka, ka ce ya danganta da ƙasar." Kawu bai tambaye shi danginsa ba, bai tambaye shi aikinsa ba. Gona ya kai shi, da takalminsa mai sheƙi. Ya tsayar da shi a tsakiya ya ce, "Samari, kaka ake huɗa ko bazara?"

Ishaya ya rusuna ya ce, "Baba, ai ya danganta da ƙasar."

Fuskar Kawu ta washe. Ya dube ni ya gyaɗa kai. Da a nan aka tsaya, da an rabu lafiya. Sai ya ƙara, "To wannan da kake tsaye a kai fa?"

Ishaya ya dubi ƙafarsa, ya dube ni. "Baba, ita ma ya danganta."

Kawu ya yi dariya har ya dafa Gwaggo. Ya ce, "Bai san komai ba. Amma an gaya masa magana ya riƙe, kuma takalminsa ya nutse bai yi tsaki ba. Na ba shi."

Aka sa ranar aure wata Asabar a watan Oktoba, don lokacin ne iyayen Ishaya za su iya zuwa. Kawu ya ce a ɗaga. Na ce ba za a ɗaga ba. Ya ce to a roƙi Allah. Makon bikin aka fara da ruwa, sannan aka yi kwanaki ana rana da iska, aka kuma ce wani ruwan na tafe ran Asabar da yamma, mai daɗewa. Wato safiyar aurena ce kaɗai lakar za ta yi daidai. Da gari ya waye na leƙa ɗakinsa, babu shi, babu takalmin gona.

Jama'a, wasunku kuna cocin nan na Wheaton ranar. Mawaƙa sun ƙare waƙoƙinsu sun koma na farko. Ni ina cikin mota da farar riga, kwalliya na narkewa, ina cewa in bai zo ba wa zai riƙe hannuna? Ba ni da wani uba sai shi. Har na fara kuka sai ga motar Alhaji ta shigo a guje. Kawu ya fito yana zura babbar riga a kan kayan aiki, hula a karkace, takalmin roba har gwiwa, laka dumu-dumu. Ya buɗe mini ƙofa, ya ga fuskata, ya tsaya. Ya ce a hankali, "Ke da na goya, kin ɗauka ba zan zo ba?"

Muka shiga, kowane taku da tambarinsa a kan jan kafet. Fasto ya tambaya wa ke ba da wannan mace. Kawu ya ce da ƙarfi, "Ni ne." Sannan ya matso kusa da Fasto, ya manta akwai makirfo a ƙirjin mutumin, ya raɗa, "A taƙaita wa'azin, saura layi kaɗan."

Duk coci aka ji! Fasto kuma, don mugunta, ranar ya yi wa'azin da ya fi kowanne tsawo. Amma ga abin da ba kowa ya lura ba. Da aka fito, Alhaji ya kaɗa masa makullin mota, sama ta fara haɗa hadari, da sun tafi a lokacin da sun ƙarasa. Kawu ya dubi sama, ya dube ni, ya ce wa Alhaji ya mayar da makullinsa aljihu. Ya zauna liyafa har ƙarshe, ya taka rawar gida da takalmin robarsa. Ruwa ya sauko, layukan nan ba a tsaga su ba. Shekarar da ta biyo, masarar gefen ta fito gajera. Duk baƙon da ya kai gonar sai ya nuna masa wurin ya ce, "Nan aka ɗaura auren Rifkatu."

Kakar bara ce zuciyarsa ta fara ba shi wahala, aka kwantar da shi a asibitin da nake aiki. An cire masara, lakar na jira. Ya ƙi cin abinci, ya ƙi barci, sai kallon taga yake yi yana tambayar kowa ko an yi ruwa. Da Alhaji da Ishaya suka ga haka, suka ce za su yi. Suka tafi gonar, Ishaya na tura Gwaggo, Alhaji na riƙe da waya yana nuna masa ta bidiyo. Na jingina masa wayar a kan tiren abinci. Mutumin da tun safe ba a jin muryarsa, sai ga shi ya tashi zaune.

"Ya karkace! Ishaya, layi na ce, ba maciji ba! Alhaji, ɗaga wayar, ƙafarka nake gani!"

Wata abokiyar aikina ta shigo da gudu, ta ɗauka ruɗewa ya yi. Na ce mata a'a, noma yake yi. Ta duba na'urar da ke auna bugun zuciyarsa, ta ce to a bar shi, tun da ya zo ba ta ga ya yi kyau haka ba. Ranar ya cinye abincinsa duka, har ya ce gishiri bai ji ba.

Da yamma Alhaji ya zo asibitin da ƙurar gona a jikinsa, ya zauna a bakin gado. Kawu ya ce aikin ba laifi, ko da yake da shi ne da ya fi haka.  Can Alhaji ya ce, "Saura na sama. Wannan sai ka fito mu yi tare."

Kawu ya ce, "Ko ina nan ko ba na nan, ka jira bazara. Kar ka yi sauri. Kuma ka ci gaba da kai wa Mista Harol gauta, ya ce ba ya so, amma yana ci."

Alhaji ya ce to. Ya juya fuska wajen taga ya daɗe yana gyara hularsa.

A watan Janairu Kawu ya tafi, da rana tsaka, cikin barci, Ishaya na gefensa yana karanta masa Zabura. Da bazara ta yi, muka je gonar mu uku, ni da Ishaya da Alhaji. Gwaggo ta tashi a ja na farko, abin da ba ta taɓa yi ba, har Alhaji ya ce mata, "Yau kuma wa kike jin tsoro?" Ya tsaga jigawarsa a hankali, yana tsayawa yana hutar da gwiwa. Da ya kai ƙarshen layin farko ya waiwaya, ya daɗe yana dubawa. Na ce, "Alhaji, ai ya miƙe." Ya ce, "Na sani, 'yata. Jira nake a ce mini bai miƙe ba."

Ya Ubangiji, ga bawanka Bitrus ya zo gare ka. Ya riƙe marainiya bai taɓa gori ba, ya riƙe aboki, ya ji tausayin abin da ba ya iya magana. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yi haƙuri da gardamarsa kamar yadda muka yi, ka ba shi hutun da ya ƙi yarda ya yi a nan. Mu da ya bari, ka ba mu zuciya irin tasa. Amin.